Kalma Goma a Rana

Ranar da ta fara shiga shagon, daga asibiti take, da fararen kayan aikinta, ƙafafunta na zogi saboda tsayuwar awa takwas. Shagon ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin kantin magani da rumfar mai gyaran agogo. Injin kwafi biyu, kwamfuta uku, sai fanka ɗaya da ke juyawa tana ƙara kamar mai ƙorafi.

Ta miƙa wa mai shagon wayarta.

"Sannu da aiki. Shafi ashirin ne. A buga mini a takarda mai kauri, a yanka ƙanana-ƙanana kamar kati."

Ya tura takardun kan kwamfuta ya buɗe. Manyan kalmomin Turanci ne a jere, kowacce da ma'anarta da Hausa a gefe. Har ya kai hannu zai danna, sai ya dakata.

"Sista, akwai gyara a shafi na huɗu."

"Bugawa na ce, malam, ban ce gyara ba."

"Na ji. Amma kin rubuta ingenuous, kin ce mai hazaƙa. Mai hazaƙa ingenious ne. Wannan kuwa mutum ne mai zuciya ɗaya, wanda bai iya ɓoye-ɓoye ba, kowa zai iya yi masa wayo."

Sai a lokacin ta dube shi da kyau. Dogo ne, siriri, da biro saƙale a bayan kunne da baƙin tawada a babban yatsansa. Idanunsa na dariya, bakinsa kuma a rufe.

"Babana shekara talatin yana koyar da Turanci," ta ce. "Ba a shagon kwafi za a gyara mini kalma ba."

"Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ga wayarki nan, duba."

Ta duba. Ta sake dubawa. Ta ɗaure fuska.

"Waya ma ai tana kuskure."

Dariyar da yake riƙewa ta kuɓuce masa. Ita ma ta juyar da kai gefe don kada ya ga nata murmushin.

"To, gyara shi," ta ce.

"Akwai sauran shida."

Ta ja kujerar roba ta zauna. Aikin minti goma ya zama na awa ɗaya.

A wannan zaman ya ji labarinta. A sashen jarirai bakwaini take aiki, kuma akwai gurbin ƙaro karatu na shekara biyu a ƙasar waje, ga duk wanda ya ci wata jarrabawar Turanci mai tsanani. Bara ta zauna, maki uku kacal suka hana ta. Bana saura wata uku, kuma ta yi rantsuwa ba za a maimaita ba.

Ita ma ta ji nasa. Yana aji biyu a jami'a mahaifinsa ya rasu, ya dawo ya riƙe shagon da mahaifiyarsa. Shekara tara yana buga wa ɗalibai kundin kammala karatu, na likitanci, na shari'a, na noma. Duk kalmar da ya ci karo da ita bai sani ba, sai ya rubuta a littafi ya nemo ma'anarta. Ya nuna mata kan kantar shagon: littattafai goma sha ɗaya, bangonsu duk ya koɗe.

"Ashe kai ƙamus ne mai ƙafa biyu," ta ce.

Daga ranar sunan ya bi shi.

"Matsalarki haddar tsiya kike yi," ya ce mata da za ta tafi. "Kalma ba ta zama a kai sai kin ɗaura ta a jikin wani da kika sani. Ki ba ni lambarki, in riƙa turo miki goma kowace safiya."

"Wannan dabarar karɓar lamba ce?"

"Dabarar cin jarrabawa ce. In wani abu ya biyo baya, ba laifin kalmomi ba ne."

Ta ba shi.

Washegari ƙarfe bakwai, tana cikin motar zuwa aiki, saƙo ya shigo:

"Barka da asuba, Ɗalibata. Ta farko: ubiquitous, abin da ke ko'ina, duk inda ka juya sai ka gan shi. Wa kika sani haka? Ta biyu: garrulous, mai surutun da ba ya ƙarewa. Ta uku: obstinate, mai taurin kai. Wannan ba sai kin yi nisa wajen nema ba."

Ta yi dariya har matar da ke kusa da ita ta waiwayo. Ta mayar masa:

"Ubiquitous shugabar sashenmu ce, ko bayan gida ka shiga sai ka ji takunta. Garrulous mai gadin ƙofar asibiti ne. Obstinate kuma ban san kowa ba, sai dai in kai ne."

Haka suka ɗora. Exacerbate ta zama kakar da ke shafa wa jariri man da likita ya hana, ciwo ya ƙaru. Alleviate ta zama hannunta idan ta ɗora a bayan jariri mai kuka ya lafa. Tenacious ta zama wata 'yar mitsitsiyar jaririya da aka haifa wata bakwai, kowa ya fid da rai, ita kuma ta damƙe yatsan nas ta ƙi saki. Kalmomin da a da suke zille mata suka zauna daram, kowacce da fuskarta.

Duk yammar Laraba da Asabar takan biya ta shagon ya yi mata tambayoyi. Ya saya mata kujera mai taushi, ya ce ta kwastomomi ce, amma ba wanda ya taɓa zama a kai sai ita. Ita kuma ta lura ba ya cin abincin rana idan aiki ya yi yawa, ta fara zuwa da shayi a filas da burodi.

Wata Asabar ta riƙe kati ta juya tambayar.

"Yau ni ce malama. Reticent."

"Mai nauyin baki. Wanda abu ke cikinsa amma ba ya faɗa."

"Ɗaura ta a jikin wani."

Ya cire biron daga kunnensa, ya mayar, ya sake cirewa. Injin kwafi na ta fitar da takardu ba mai kwashewa.

"Na ɗaura a jikina," ya ce. "Wata guda ke nan ina so in ce miki ina son ki, kullum sai in turo miki kalmomi goma a maimakon waɗannan ukun."

Ta sunkuyar da kai tana jera katunan da suke a jere tun ɗazu.

"Ka ci maki," ta ce a hankali. "Nima na ɗauka sai na yi maka fassara kafin ka gane."

"Zan iya zuwa in gaishe da Baba?"

"Bari in fara yi masa magana."

Mahaifinta tsohon shugaban makarantar sakandare ne, kowa a unguwa Hedimasta yake ce masa. Ko jarida yake karantawa da jan biro a hannu. Ta same shi a falo bayan la'asar, Mama na gefe tana ninke kaya, ta durƙusa ta faɗi abin da ke tafe da ita.

"Me yake yi?"

"Yana da shagon buga takardu, Baba."

"Karatu fa?"

"Ya yi aji biyu a jami'a."

Hedimasta ya cire tabarau ya ajiye a kan jarida.

"Uwata," haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "saura wata biyu ki rubuta jarrabawar da za ta canza rayuwarki. Na ga 'yan mata da yawa masu ƙwaƙwalwa, sun kai bakin ƙofa, wani ya zo da daɗin baki ya zaunar da su. Mutumin da bai gama nasa ba, ba zai ji zafin naki ba. Kada ya zo."

"Baba, shi ne fa yake koya mini."

"Na gama magana."

Mama ta yi mata ido, 'yar ta tashi za ta fita. Amma kafin ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "Ba zan saɓa muku ba, Baba. Amma kun yanke hukunci ba ku ga takardar jarrabawar ba." Hedimasta ya bi ta da kallo, ya ce wa Mama, "Kin ga irin rainonki?" Mama ta ce, "Raino nawa, hali naka."

Da ta faɗa wa Ƙamus, bai yi fushi ba. Ya ce, "Uba ne, yana da gaskiyarsa. Mu bi a hankali." Sai dai daga ranar ya rage zolaya. Kalmomi na zuwa ƙarfe bakwai kamar kullum, amma a bushe, ba tsokana.

Akwai kuma wani likita a sashensu da ya daɗe yana zagaye ta. Yana da mota, yana da turare mai riga shi shiga ɗaki, kuma ya taɓa zuwa ya gaishe da Hedimasta da Turancin da sai da ya cika falo. Wata rana ya tare ta a wurin wanke hannu.

"Na ji labarin malaminki na shagon kwafi."

"Labari ya yi gudu."

"Shawara zan ba ki a matsayin yaya. Kin taɓa tambayar kanki me yake nema? Mutum ya maƙale a tsakanin injina, ya hango nas za ta fita waje. Tsani ya samu, Sista. Ni kuwa ba na buƙatar tsani, a sama nake."

Ta goge hannunta tsaf, ta dube shi.

"Likita, jaririn gado na uku yana jiran ka tun ƙarfe tara. Ka sauko daga saman ka duba shi."

Ta wuce kanta a ɗage. Amma maganar ta bi ta har gida. Ba ta yarda da ita ba, sai dai ta haɗa ta da sanyin da ta gani a saƙonninsa, ta ji tana so ta ji daga bakinsa. Washegari da hutun rana ta rubuta:

"Ƙamus, tambaya ɗaya, kuma gaskiya nake so. Me ya sa kake wahalar da kanka a kaina haka? Me kake nema?"

Saƙon ya same shi ɗalibai sun cika shago, kowa na ihun nasa aka fara kawowa. Ya rubuta a tsaye:

"Ba na neman komai, Ɗalibata. Tun farko ni disinterested ne a wannan lamari. Ki ci jarrabawarki ki tafi, iyakar burina ke nan."

Ta karanta sau uku.  Wato ba ya sha'awa. Wato tun farko bai damu ba, ta ci ta tafi ta ba shi wuri. Ko kaɗan bai zo mata ta duba kalmar ba, ai ta san interested, ta san abin da dis ke yi wa kalma. Ta share idonta da bayan hannu, ta rubuta:

"Na gode da ka faɗa mini gaskiya. Ba sai ka sake turo komai ba."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya turo: "Wane laifi na yi? Ki faɗa mini in gyara." Ba amsa. Sai ya ɗauka ta bi maganar mahaifinta ne, ko ta zaɓi mai mota. Bai sake damun ta ba.

Kwana tara ba ta bi ta layin shagon ba. Tana aiki, tana karatu, tana ce wa kowa lafiyarta ƙalau. Ranar Lahadi Hedimasta ya zaunar da ita zai gwada ta. Kalma ashirin ya tambaya, ta kasa takwas, har da waɗanda ta sani kamar sunanta. A ta ƙarshe sai hawaye.

"Ikon Allah," in ji Hedimasta. "A kan kalma kike kuka?"

Mama ta ajiye abin da take yi. "Kai dai malami ne kawai. Kwana tara yarinya ba ta cin abinci, kai kalma kake gani. Ke, kawo wayar nan."

Ta miƙa. Mama ta duba, ta ga Turanci a tsakiya, ta miƙa wa mijinta. Ya gyara tabarau ya karanta, ya koma sama ya sake karantawa. 

"Uwata, me kika fahimta a nan?"

"Ya ce bai damu da ni ba. Hankalinku sai ya kwanta."

"Shekara ashirin da shida kina gidan nan, ki kunyata ni haka? Wanda bai damu ba uninterested ne. Disinterested shi ne wanda ba ya neman ribar kansa a cikin abu, kamar alƙalin kirki da ba shi da ɓangare. Cewa ya yi yana taimakon ki ba don ya ci wata moriya ba." Ya ƙara duban wayar. "Masu digiri biyu na sani da ba su san wannan bambancin ba."

Ta zauna baki buɗe. Kunya ta rufe ta, farin ciki kuma na tasowa ta ƙarƙashi.

"Ya ce ki tafi," Hedimasta ya faɗa kamar da kansa yake. "Bai ce ki zauna ba." Ya miƙa mata wayar. "Kada ki kira shi tukuna. Ki ba ni gobe."

Washegari da hantsi wani dattijo ya shiga shagon da takarda rubutun hannu. Ya ce jawabi ne zai yi a taron sallamar wani abokin aikinsa, a buga masa. Ƙamus ya ba shi kujera mai taushi, ya fara bugawa. Dattijon na ta ƙare wa shagon kallo, littattafan kan kanta, da wani tarin katuna a gefen kwamfuta, kashi tara, kowanne ɗaure da roba da kwanan wata a kai.

"Baba, akwai wurare huɗu da nake so mu duba kafin in fitar."

"Huɗu?"

Ya nuna masa ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi. Uku na farko dattijon na gyaɗa kai, don shi ya dasa su da gangan. A na huɗu ya matso da kujera.

"Kun rubuta cewa abokin naku ya bar aiki bayan fulsome service. Na san cikakkiyar hidima kuke nufi, amma da yawa za su ji kamar yabon da ya wuce kima ne, mai kama da fadanci. Ina tsoron wani a wurin ya fassara ta haka."

Dattijon ya daɗe yana kallon layin. Wannan ba ya cikin tarkon.

"Canza ta," ya ce a ƙarshe. Ya yi gyaran murya. "Ka san ko ni wane ne?"

"Tun da kuka shigo, Baba. Yadda kuke ɗaga gira idan an ce akwai gyara, iri ɗaya ne da nata."

"Ka gane ni, kuma ka gyara ni?"

"Da na bar kuskure a takardarku don ku so ni, da na ci amanar aikina, kuma da kun tsaya gaban jama'a da shi."

Hedimasta ya nuna katunan da sandarsa. "Waɗancan fa?"

"Nata ne. Ta ce in daina turowa, na daina. Amma jarrabawa ba ta daina matsowa ba, shi ya sa nake haɗa mata. Na ce ko wata rana za ta aiko."

"In ta ci, shekara biyu za ta yi. Ka sani?"

"Na sani."

"In na ba ka ita, ka ce ta zauna fa?"

"Baba, na ga fuskarta idan tana labarin jariran nan. Wanda ya hana ta wannan karatun bai san wadda ya aura ba. Zan kai ta filin jirgi da kaina, in je in ɗauko ta da kaina."

"Naka karatun kuma?"

Ya jawo aljihun tebur ya fito da takarda. Ta komawa jami'a ce, karatun ƙarshen mako, an riga an buga mata hatimi. "Ita ta dame ni da gori. Wai mai gyara wa mutane kundi ba shi da nasa."

Hedimasta ya miƙe, ya kwashi katunan ya zuba a aljihun rigarsa.

"Ranar Asabar ka zo gida. Ka zo da manyanka." Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Maganar fulsome ɗin nan kuma, ta tsaya a shagon nan."

"Wace magana, Baba?"

Dattijon ya yi murmushi ya fita.

Da yamma ta zo. Ta tsaya a bakin ƙofa da filas a hannu, ta kasa shiga.

"Akwai gyara," ta ce.

"A wane shafi?"

"A kaina. Na ɗauka cewa ka yi ba ka damu da ni ba."

Ya yi tsaye yana tunani, sai ya dafe goshi. "Kai! Kalma ɗaya ta cinye mini kwana tara? Laifina ne. Kin yi mini tambayar zuciya, na amsa miki da Turanci."

"To amsa yanzu da Hausa."

"Ina son ki. Ba na son ki tafi ko nan da bakin titi, amma ina so ki ci, ina so ki je. Duka biyun gaskiya ne, kuma zan iya ɗaukar su."

Ta shigo ta ajiye filas ɗin, ta zauna a kujerarta. "Ka rame," ta ce. "Zuba shayi ka sha, sannan ka yi mini tambayoyi. Kalma casa'in ke jira na."

Ranar jarrabawa, saƙonsa ya zo tun kafin ta fita:

"Yau ba kalma, Zuciyata. Kin san su, sun san ki. In kin ga wadda kike ganin kin sani, ki sake kallon ta sau ɗaya. Ki shiga da ƙafar dama. Ina bakin ƙofa in kin fito."

Ta fito bayan awa uku, ta same shi a ƙarƙashin bishiya da ruwan sanyi.

"Yaya?"

"Na ci."

"Sakamako sai nan da mako uku fa."

"Su ne za su jira mako uku kafin su sani. Ni na sani."

Da sakamakon ya fito tana tsakiyar aiki. Ta wuce makin da ake nema da tazara mai faɗi. Shugabar sashe ta rungume ta, abokan aiki suka yi ta murna ƙasa-ƙasa don kada jarirai su farka. Likita ma ya zo ya ce yana taya ta murna, ya ƙara da cewa ya san za ta iya. Ta yi masa godiya, ta miƙa masa katin gayyata. Ya juya katin, ya yaba kyan bugun. Ta ce, "Ango ne ya buga."

Aka sa ranar aure saura mako uku ta tafi. Wasu dangi suka ce a bari sai ta dawo mana. Mahaifiyar ango ta ce ita ba za ta jira shekara biyu kafin ta kira yarinyar nan 'yarta ba. Mama ta ce ita ma haka. Da iyaye mata biyu suka haɗa kai, ba wanda ya sake cewa uffan.

Ranar ɗaurin aure layin ya cika. Ma'aikatan asibiti sun zo, tsofaffin ɗaliban Hedimasta sun zo, mai kantin magani da mai gyaran agogo suka rufe wurarensu suka zo. Har iyayen wasu jariran da ta yi jinya sun zo da 'ya'yansu a kafaɗa, sun yi ɓulɓul.

Da za a tafi da amarya, Hedimasta ya kira su biyun falo. Suka durƙusa a gabansa. Ya ɗora hannu a kanta.

"Uwata, ban taɓa jin kunyar ki ba, kada ki fara yanzu. Kai kuma ɗana, na so in hana ka, Allah ya nufa ban yi wannan asarar ba. Ku riƙe juna da gaskiya. In ɗayanku ya ji abin da bai gane ba, ya tambaya kafin ya yi fushi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai jin ƙanku, ya kai ta lafiya ya dawo da ita lafiya."

Mama na kuka tana cewa amin, amarya na kuka, ango ma ya sunkuyar da kai yana ta ƙifta ido.

Gidan nasu ɗaki biyu ne da falo, a hawa na biyu, tagarsa na kallon filin wasan wata makaranta. Washegari da rana, baƙi sun watse, ta same shi a tsaye yana kallon akwatunanta guda biyu a jikin bango. Ɗaya na gidan ne, ɗaya na tafiya.

"Mako uku," ya ce.

"Kwana ashirin da ɗaya, angona, kuma ba zan bari ka ɓata ko ɗaya wajen kallon akwati ba. Zo ka kama mini labulen nan."

Ya hau kujera, ta miƙa masa, ya rataya. Ta ja da baya ta karkata kai.

"Ya karkace."

"Daidai yake."

"Sauko ka gani."

Ya sauko ya tsaya kusa da ita. Labulen ya karkace, ɓangare ɗaya na jan ƙasa. Suka kalli juna, dariya ta kama su har sai da ta jingina da kafaɗarsa.

"Bar shi haka," ta ce. "In na dawo mu gyara tare."

Ya riƙe hannunta. "Allah ya bar mu tare, matata."

"Amin, mijina. Har tsufa."

Allah ya amsa, ya sa albarka a gidan, ya ba duk mai nema abokin zama irin wanda zai so ci gabansa.